Kumburin Saifa da Sankarar Jini: Jawabi ga Dattawa da Shugabannin Zumunta



A ziyarar marasa lafiya da muke yi daga Kakuri zuwa Narayi da Sabon Tasha, akwai abin da ke damunmu. Sai ka tarar da magidanci yana ta ramewa, yana zufa da dare, ga wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu. Mutanen gida su ce saifa ce, a yi masa tsaga. Da abin ya ƙi, sai a fara zargin matar wansa da jifa. Mun ga zumunci ya tsinke a kan wannan, alhali ba wanda ya kai shi gwajin jini.

Abubuwa da yawa kan kumbura saifa. Ɗaya daga ciki shi ne sankarar jini mai tafiya a hankali, wadda takan fara daga ɓargo. A 1960 wasu masana biyu a birnin Filadelfiya na Amurka suka gano alamarta a cikin ƙwayoyin jini. Daga baya aka fahimci cewa igiyoyi biyu masu ɗauke da tsarin halittar mutum, ta 9 da ta 22, su ne suka yi musayar guntu. Daga nan ɓargo ya shiga ƙera fararen ƙwayoyin jini ba tsayawa.

Dattawa, ku riƙe wannan da kyau, domin ku ne kuke zama a kan maganar aure. Wannan ba sikila ba ce. Sikila gadonta ake yi, shi ya sa muke neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure. Wannan canji kuwa a jikin mutum yake faruwa bayan an haife shi. Bai gada ba, ba zai ba 'ya'yansa ba, ba a kuma ɗauka ta cin tuwo a kwano ɗaya. Kada a fasa auren yarinya don mahaifinta yana da ita.

Ina hanji ya shigo? Cikin kowannenmu akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa da ke taya mu narka abinci. A 2018 masana a Jami'ar Shikago suka nuna, a jikin ɓeraye masu wani irin canjin halitta dabam, cewa in waɗannan halittu suka ƙetare bangon hanji, sukan ingiza ɓargo ya kama hanyar cutar. A ɓeraye muka ce, ba a mutane ba. Don haka kada wani ya fita nan ya ce fasto ya ce nono ko kafso na kemis yana warkar da sankara. Shan kafso barkatai ma kashe masu amfanin yake yi.

Magani akwai. A 2001 aka amince da ƙwayar Glivec, a 2003 kuma aka fara ba da ita kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife. Kullum ake sha, kuma mutane da yawa sun yi shekaru da ita suna aikinsu. Abin da kan kayar da namu shi ne kuɗin mota da na gwaji.

Saboda haka muna roƙon kowace ikilisiya ta ware wani abu daga asusun jinƙai domin wannan. Duk wanda kuka gani da waɗannan alamu, a yi masa addu'a, a kuma sa mutum ɗaya ya raka shi Barau Dikko ko Shika cikin makon.