Jawabin Buɗe Baje Kolin Zanen Ɗaliban Ajin Ƙarshe

Bana ma mun yaye ɗalibai, an gyara ɗakin zane, malamanmu sun halarci taruka ciki da waje. Duk kun sani, ba sai na ja zance ba.

Tuffa da inabin da suka cika zane-zanen da ke bangon nan su ne damuwata. 'Ya'yan itace ba sa saukowa daga reshe da ma'anarsu. Zamani da kasuwa ke ba su ita. A 1434, da Jan van Eyck ya ajiye lemo a bakin taga cikin zanen Arnolfini, mutumin Bruges na gani ya san gidan attajiri ne, domin daga kudu mai nisa ake kawo lemo. Wajen 1590 Arcimboldo ya harhaɗa fuskar Sarki Rudolf na biyu da kayan lambu, kirari ne ga mulki mai yalwa. Magritte kuwa, a 1964, ɓoye fuska ya yi da tuffa. A 2024 ayabar Cattelan da aka manna a bango ta tashi dala miliyan 6.2 a gwanjo. Na ga ma'aji ya ɗago kai. Ranka ya daɗe, mu kuɗin fenti kawai muke roƙo!

To ɗalibin da ya kwafo inabi daga waya ya ɗora a hannun kakarsa, me ya gaya mana game da ita? Goro a tafinta zai ce akwai suna ko ɗaurin aure, dabino ya ce azumi ya kama. Za a ce da kwaikwayo ake koyo. Haka ne, amma a ajin farko, ba a shekarar fita ba. Wasu kuma su ce mai saye abin da ya saba gani yake nema. Amoako Boafo ɗan Gana da yatsunsa yake shafa launin fatar mutanen da yake zanawa, kuma zanensa na mace mai kayan ninkaya masu hoton lemun tsami ya kai fam 675,000 a Landan a 2020. Hannunsa aka saya, ba lemon ba. Ku na baya, a rage surutu, da ku nake. Daga baɗi, duk wanda ya kasa bayyana wa masu jarrabawa dalilin abin da ya sa a hannun wanda ya zana, zai maimaita aikin.

Da izinin uban taro, na buɗe wannan baje koli. Bismillah, a shiga ta ƙofar dama.