Ɗaukewar Gani na Ɗan Lokaci ga Masu Ciwon Sukari

Jama'a, wannan jawabi ya shafi wata alama da masu ciwon sukari kan raina, alhali kuwa gargaɗi ce babba. Mutum yana zaune lafiya lau, sai ido ɗaya ya rufe da duhu, kamar an saki labule daga sama. Babu zafi, babu ja. Bayan minti 2 ko 5, wani lokaci har 15, gani ya komo sarai, shi kuwa ya ce gajiya ce ko yunwa.

Dalilin abin yana cikin jini. Akwai manyan jijiyoyi biyu a wuya, dama da hagu, waɗanda ke kai jini ga ƙwaƙwalwa da idanu. Sukari idan ya daɗe da yawa a jiki yakan ɓata cikin jijiyoyin nan, kitse ya taru ya ƙuntata hanya. Hawan jini da shan taba suna ƙara ɓarnar. Wata rana ɗan ɓarɓashi ya ɓalle, jini ya kwashe shi, ya je ya toshe siririyar jijiyar da ke ciyar da tantanin bayan ido. Nan take gani ya ɗauke. In ɓarɓashin ya wuce, gani ya dawo.

To, hanyar da ta kai ɓarɓashi ido ita ce ke zuwa ƙwaƙwalwa. Na gaba yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki ko makanta ta dindindin, haɗarin kuwa ya fi yawa a kwanakin farko.

Wannan dabam yake da hazo-hazon da hawa da saukar sukari ke kawowa, wanda yakan shafi idanu biyu.

Saboda haka wanda abin ya same shi ya rufe ido ɗaya, sa'an nan ɗayan, don ya gane wanda ya ɗauke, ya kuma lura da daɗewarsa. Lalle a kai shi asibiti a ran nan, ko da gani ya komo. Kada ya tuƙa mota ko babur da kansa, kada kuma ya tsaya ɗiga magani ko sa tozali. Likita zai duba bayan ido, ya auna jini, ya bincika zuciya da jijiyoyin wuya. Akwai maganin hana jini daskarewa da na rage kitse, wani kuma sai an yi masa aiki a wuya.

Kowane mai ciwon sukari ya kamata a duba masa bayan ido sau ɗaya a shekara, ko yana gani garau.