Jawabi Kan Ƙurar Dutse a Taron Ƙungiya

 

Tun 2014 da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakatan, samarinmu na Madawa, Buza da Kaita suka kama hanyar arewa. Wasu sun komo da kuɗi, wasu da tari. Maganar tarin nan ce ta tsayar da ni gabanku.

Farin dutsen da ake fasawa a rami, a niƙa a inji, ƙurarsa mai cutarwa ido ba ya ganinta. In ta shiga huhu ba ta fita, sai huhun ya yi tabo, ya ƙandare. Likitoci na kiran ciwon silikoz. Har yau ba ya warkewa, kuma yakan yi shekaru bai nuna ba, har bayan mutum ya bar aikin. Yana kuma buɗe wa tarin huka ƙofa, shi ko wannan yana jin maganin wata 6.

Samari, rawani ba ya tare ƙurar nan, kada a ruɗe ku. Ku jiƙa dutse kafin huda da niƙa, ko da yake na san tsadar ruwa can.

Dattawa, yaron da ya komo yana haki a ɗan hawan tudu, ku kai shi likita Madawa ko Galmi. Ya faɗi da bakinsa ya yi aikin dutse, a ɗauki hoton ƙirjinsa, a auna kakinsa.