Abin da ke Cin Ƙoda a Bakin Kogi

 

Maganar da na zo da ita ita ce, ƙoda ba kasafai take mutuwa dare ɗaya ba, kuma yawancin abin da ke kashe ta a ƙasar Bagudo ana iya gano shi a ɗakin shan magani na ƙauye tun da sauran shekaru. Kowace ƙoda tana da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a rana, su mayar da kusan duka jiki, su zubar da lita ɗaya zuwa biyu ta fitsari. Wannan wadatar ce ke yaudararmu. Mutum zai rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana noma yana su bai ji komai ba, sai fuska da ƙafafu sun kumbura, amai ya tsananta, a ce ciwo ya faɗo masa jiya, wani ma ya ce sammu ne.

Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba a duniya, domin suna lalata ƙananan jijiyoyin da ke cikin matatan a hankali. Amma bakin kogin Kwara yana da nasa, wato tsargiya. Tsutsarta tana fitowa daga dodon koɗi, ta huda fatar yaron da ke wanka ko manomin da ke tsaye cikin ruwan shinkafa, ƙwayayenta su maƙale a mafitsara da hanyoyin fitsari. Tabon da suke bari yana iya toshe hanya, fitsari ya koma baya ya danne ƙoda. Fitsarin jinin da wasu iyaye ke ɗauka alamar balaga ce, cuta ce, kuma maganinta, firazikwantel, ana raba shi kyauta a makarantu. Sai kuma abin da muke saye da kuɗinmu. Manomi ya wuni cikin rana yana gumi, ruwan da ya sha kaɗan, da yamma ya haɗiyi diklofenak don ciwon jiki, alhali irin wannan magani yana rage jinin da ke shiga ƙoda daidai lokacin da ta fi buƙatarsa. Maganin da ke tsallako iyaka ta Lolo ko Tsamiya ba lambar NAFDAC, wa ya san abin da ke ciki? Ko mai lamba ma ya taɓa yin ɓarna: gubar da ta shiga maganin yara na My Pikin a 2008 ta kashe yara 84 a Najeriya ta hanyar tsayar da ƙodarsu, a 2022 kuma maganin tari ya kashe yara kusan 70 a Gambiya.

Wani zai ce kakanninmu sun sha jiƙo da sassaƙe, ba a ji sun yi ciwon ƙoda ba. Ba a ji ba ne saboda ba a auna ba. Da yawa sun tafi da abin da aka kira kumburi. Kuma ba su haɗa jiƙonsu da ƙwayoyin kemis da dunƙulen ɗanɗano a kowace miya ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa a kawo mana injin wankin ƙoda kawai. Suna da gaskiya ta wani ɓangare. Matar da ta zubar da jini wurin haihuwa, yaron da amai da gudawa suka ƙarar da ruwan jikinsa, manomin da kububuwa ta sara, ƙodarsu takan tsaya kwatsam, wanki na 'yan kwanaki kuma yakan ishe ta ta farfaɗo. Wanda tasa ta lalace a hankali kuwa, wanki sau uku a mako yake buƙata, awa huɗu kowane zama, har ƙarshen rayuwa, a Birnin Kebbi ko Sakkwato, sai dai in ya samu dashe irin wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi a 2002. Gona nawa za a sayar? Kuɗin wankin mutum ɗaya na wata guda zai sayi na'urorin awon jini da tsinken gwajin fitsari da za su yi wa ƙauye sukutum aiki, don haka nake roƙon majalisar ƙaramar hukuma ta fara da sa su a kowane ɗakin shan magani, a riƙa auna manya ranar kasuwa.