Jawabi Ga Masu Sana'ar Hannu Na Rawayau



Maganarmu ta yau a kan masu sana'ar hannu ce. Maƙeri ya sha wuta, baduku ya ɗinka, mace ta saƙa faifai, sa'an nan dillali ya kwashe da araha ya kai birni. A can ba mai tambayar sunan wanda ya yi aikin.

Ku dubi Ladi Kwali, maginiyar tukwane. A 1954 ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, watau Suleja ta yanzu. Aka nuna aikinta a Landan da sunanta. Ga hotonta nan a bayan takardar naira 20.

Haka kuma a Oye-Ekiti, ƙasar Yarbawa, 'yan mishan na Katolika sun tara masassaƙa a 1947. Lamidi Fakeye, Musulmi ne, ya yi aiki da su, ya sassaƙa ƙofofin coci, duniya ta san shi.

To, abin da muke nema ke nan. A ba mu aron ɗaki, ko na taron coci, ko na makaranta, ko zauren mai gari. Ran kasuwa kowa ya kawo aikinsa, a rubuta sunansa da kuɗin kayan a jiki. In an saya, kuɗin ya shiga hannunsa, ba la'ada.

Wanda ya yarda, ya ba magatakarda sunansa kafin mu watse. Allah ya taimake mu.