JINI A FITSARI BA ABIN JIN KUNYA BA NE: JAWABIN WANI ƊAN AJIN 1981 A TARON SHEKARA-SHEKARA



Da shugaba ya nemi in yi magana a yau, sai da na yi kwana uku ina jujjuya abin a raina, domin magana ce wadda dattijo ba ya son yi a bainar jama'a. Amma Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, nawa gemun ne ya kama.

A shekarar 2016 na wayi gari na ga jini a fitsarina. Babu zafi, babu zazzaɓi, kuma bayan kwana biyu ya ɗauke. Sai na tuna lokacin da muke satar jiki mu je wanka a kududdufin bayan makaranta, muna ganin jini muna dariya, wai alamar balaga ce. Na ce tsargiyar yarinta ce ta dawo, na sayi magani a kemis. Wata biyar na ɓata a haka, har sai da uwargida ta matsa mini na tafi asibitin koyarwa.

Tambaya biyu likita ya fara yi mini: ko na taɓa yin tsargiya, kuma ko ina shan taba. Duka biyun na amsa da e. Malam, a gafarce ni, tun ina aji huɗu na fara busa sigari a bayan ɗakin kwana. Ya bayyana mini cewa taba ita ce kan gaba wajen jawo ciwon daji na mafitsara, domin ƙoda tana tace dafinta ya taru a fitsari. Tsargiyar da aka bari ta daɗe ita ma tana jawo wani nau'insa.

Aka zura mini siririn bututu mai fitila ta hanyar fitsari, aka ga tsiro a bangon mafitsara. Allah Ya taimake ni bai kai ga naman bangon ba, don haka ta wannan hanya aka kankare shi ba tare da an tsaga cikina ba. Daga nan aka riƙa ɗura mini maganin BCG a cikin mafitsara, sau ɗaya a mako har mako 6. Shi ne dai wanda ake yi wa jarirai rigakafin tarin fuka da shi.

Abin da ban sani ba shi ne, wannan ciwo yana da halin dawowa. Saboda haka a shekaru biyun farko duk bayan wata 3 ake leƙa mafitsarata. A 2018 aka ga ɗan ƙaramin tsiro, aka cire shi tun bai yi ƙarfi ba. Da na yi fashin zuwa don ina jin ƙalau, Allah kaɗai Ya san inda nake a yau. Daga baya aka mayar da dubawar wata shida-shida, yanzu kuwa sau ɗaya a shekara, wani lokaci har da hoton ƙoda.

Ba zan ɓoye muku ba, har gobe daren da zan je dubawa barci ba ya zuwa mini da sauƙi. Amma na bar taba, ina shan ruwa sosai, kuma duk takardun asibitina suna cikin jaka guda wadda iyalina suka san inda take.

Roƙona gare ku uku ne. Wanda ya ga jini a fitsari, ko da sau ɗaya ne, ko da babu zafi, ya je asibiti a makon nan. Mai shan taba ya daina. Sannan ina ba ƙungiya shawarar ta ɗauki nauyin gwajin tsargiya ga ƙannenmu da ke makarantar yanzu, tunda maganinta yana nan kuma ba shi da tsada.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa malamanmu lafiya.