Iska da Ɗumi a Cikin Tsofaffin Motoci: Jawabi ga Direbobi da Masu Gyara a Gombe

Daga watan Disamba zuwa Janairu, lokacin da hunturu ya kankama a Gombe, direban da zai kama hanyar Bauchi ko ta Kaltungo da asuba yakan ɗage gilasai duka, wani ma har ya cusa tsumma a kafofin iska saboda ƙura. Dalilinsa a fili yake. Amma a cikin tsohuwar mota wannan dabara tana iya jawo hasarar rai, shi ya sa ya wajaba a san yadda iska ke shiga mota da yadda ake ɗumama ta.

A shekarar 1975 aka fara harhaɗa Peugeot, wadda ake kira Fijo, a Kakuri cikin Kaduna, aka kuma fara harhaɗa Volkswagen a Ojo ta Legas. Fijo 504 ita ce ta daɗe tana ɗauke da fasinja tsakanin Gombe da Jos da Yola. Yanzu sun yi ƙaranci, amma waɗanda suka rage tsufa ya kama su, kuma da tsufan ne haɗarin ke ƙaruwa.

Iskar waje tana shiga Fijo ta wata raga da ke gindin gilashin gaba, tsakaninsa da bonet. An zaɓi wurin ne domin idan mota na gudu iska takan taru a nan da ƙarfi, ta shige da kanta ko ba a kunna fanka ba. Daga nan sai ta bi ta cikin wani akwati, inda wani marfi ke karkatar da ita zuwa ƙafafu, ko fuska, ko gilashi. A ƙasan akwatin akwai 'yan ramuka na zubar da ruwan sama. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya kan toshe su, da damina ruwa ya kwanta, tsatsa ta ci ƙarfen. Tsinke da ɗan ruwa sun isa su buɗe su.

Game da ɗumi kuwa, mota ba ta ƙona ƙarin mai dominsa. Zafin da inji ke zubarwa ne ake kamowa. A Fijo, ruwan da ke sanyaya inji yakan kai digiri 80 zuwa 90, sai a ratsa da wani kashi nasa ta tiyo zuwa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan allon direba. Iskar waje ta bi ta jikinsa, ta ɗauki zafi, ta fito da ɗumi. A nan ne wata al'ada ta makanikai ke yin ɓarna, watau cire tamostat, ɗan makullin da ke tsare ruwa cikin inji har ya yi zafi. Sukan ce ƙasarmu ba ta sanyi. Sakamakon haka inji ya daɗe bai ɗau zafi ba, ya sha mai fiye da kima, hita kuma ta riƙa hura sanyi. Alhali kuwa hita mai lafiya tana da rana ko da bazara: idan inji ya soma zafi a kan hawa, buɗe ta gaba ɗaya da sauke gilasai yakan rage masa zafin har a sami wurin tsayawa.

Tsarin Volkswagen Beetle dabam ne, kuma shi ya fi bukatar sa ido. Injinta yana baya, ba ya amfani da ruwa, iska ce ke sanyaya shi. Saboda haka fankar inji ke tura iska cikin wasu akwatunan ƙarfe biyu da suka lulluɓe bututun salansa. Iskar ta ɗumama a jikin bututun, sa'an nan ta bi ta magudanai da ke ƙarƙashin ƙofofi zuwa ƙafafun fasinja da gilashin gaba. Abin lura shi ne, tsakanin hayaƙin inji da iskar da yara ke shaƙa a kujerar baya, ba abin da ya raba su sai kaurin bututu ɗaya. In tsatsa ta huda shi, hita ta zama hanyar shigo da guba.

Gubar nan ita ce iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi har sau 200 da ɗoriya, ta hana shi kai abin numfashi ga ƙwaƙwalwa. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da gyangyaɗi, waɗanda direban da ya yi sammako zai ɗauka gajiya ce kawai. Idan mutum biyu ko uku suka yi kukan ciwon kai a lokaci guda, wajibi ne a tsaya, a kashe inji, kowa ya fita ya sha iska. Wanda ya suma ko ya rikice, a gaggauta kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita inda abin ya faru.

Ita ma Fijo ba ta kuɓuta ba. Salansa mai yoyo da daɓen mota da ya ɓule sun isa su shigo da hayaƙi. Haka kuma idan aka cika wagon da kaya har ƙofar baya ta ƙi rufuwa aka ɗaure ta da igiya, iskar da ke juyawa a bayan mota takan zuƙo hayaƙin zuwa kan waɗanda ke kujerar ƙarshe. Iskar da ke shigowa ta gaba ita ke kore shi, to ga direba ya toshe ta da tsumma.

Don haka ana roƙon direbobi su bar kafar iskar gaba a buɗe ko da ana sanyi, su bar ɗan tsagi a gilashi ɗaya. Yin haka yana kuma hana tururin numfashi rufe gilashin gaba. Masu kwana a tasha kada su bar inji na aiki don neman ɗumi, kada kuma a shigar da kaskon gawayi cikin rufaffiyar mota, domin gubar ɗaya ce. Tun cikin watan Nuwamba ya dace a kai mota gareji a ɗaga ta, makaniki ya bi salansa daga bakin inji har wutsiya yana neman baƙin tabon hayaƙi, wanda shi ne ke nuna wurin da ke yoyo.